MAƘALAR MAKO: Wa Ya Ba Mai Wayarin Izinin Taɓa Gidanka?



Bara da damina ƙanwata ta kira ni wajen ƙarfe goma na dare, muryarta na rawa. Ɗanta mai shekara shida ya fito daga wanka ƙafa a jiƙe, ya kama murfin firij, wuta ta ja shi ta yar. Allah Ya taƙaita, bai wuce firgita da ƙuna kaɗan a tafin hannu ba. Washegari na je gidan da wani dattijo da ya tsufa a aikin lantarki. Ya kwance soket ɗin bayan firij, ya haska tocila, ya ce in leƙa. Waya biyu ce a ciki, gurbin ta uku wayam. Muka bi gidan ɗaki-ɗaki, ko'ina haka. Gida ne sabo, shekararsa huɗu, an zuba tayil an yi silin mai kyau, amma babu wayar ƙasa, wadda masu sana'ar ke kira atin, wato wayar da ke kwashe wutar da ta zille ta kai ta ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum. Na tambayi maigidan wa ya yi masa aikin. Ya ce wani ne da birkila ya kawo, "Injiniya" kawai ake kiransa, lambarsa ma ta daina shiga.

Dattijon yana mayar da soket ɗin ya ce da ni: "Malam, tela in ya ɓata maka ɗinki, ranar za ka gani. Mu namu aikin cikin bango yake. Sai an yi filasta, an yi fenti, an biya mu, an manta da mu, sannan zai yi magana."

Wannan magana ce ta sa na koma bin tarihin sana'ar. Duk ƙasar da lantarki ya shiga ta ci karo da wannan matsala: mai biyan kuɗin ba shi da idon da zai gane aikin kirki da na banza, kuma idan aikin ya lalace ba shi kaɗai abin ke ci ba, har maƙwabcinsa. Cikin shekara 140 da 'yan kai, mutane sun samar da magani iri uku: a koyi aikin a hannun gwani na tsawon shekaru, a yi jarrabawa a karɓi lasisi, sannan a riƙa komawa aji lokaci-lokaci don sabunta abin da aka sani. Kowanne daga cikinsu yana da labarin da ya haife shi.

SHAFI HUƊU NA FARKO

A farkon shekarun 1880 wutar lantarki abin gayu ce ta masu hannu da shuni. Ɗaya daga cikin gidajen farko da aka sa wa ita a Ingila shi ne Hatfield, gidan Lord Salisbury, wanda daga baya ya zama Firaministan Birtaniya. An ja wayoyin ba tare da rufi na kirki ba, har ana ba da labarin yadda iyalan gidan ke jifan silin da matasan kai idan tartsatsi ya tashi, su ci gaba da hirarsu. A 1881 wani ma'aikacin lambun gidan ya taɓa waya, ya mutu nan take. A lokacin babu wata sana'a mai suna wayarin. Masu gyaran famfo, masu ja wa gidaje bututun iskar gas da ma'aikatan wayar tangaraho su ne ke yin aikin, kowa da yadda ya ga dama.

Waɗanda suka fara damuwa su ne kamfanonin inshora, domin su ke biya idan gida ya ƙone. A 1882 kamfanin inshorar gobara na Phoenix ya fitar da ƙa'idojinsa, ya ce duk mai son a yi wa gidansa inshora sai wayarinsa ya bi su. A wannan shekarar kuma ƙungiyar injiniyoyin tangaraho da lantarki ta Landan ta buga nata ƙa'idojin, shafi huɗu kacal, kuma sunan takardar ma kan hana gobara yake. Wannan 'yar takarda ita ce kakar littafin ƙa'idojin wayarin na Birtaniya. An yi ta gyara shi ana ƙara shi, a 1992 ya zama ma'aunin ƙasa mai lamba BS 7671, bugu na 18 ya fito a 2018 da shafi sama da 500.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Soket ɗin bangon ɗakinka mai ƙofa uku masu kusurwa, wanda aka fito da shi a Birtaniya a 1947, da ƙarfin wutar da ke shigowa gidajenmu, da yadda ake koyar da wayarin a kwalejojinmu na fasaha, duk daga wannan zuriya suka fito.

MUTUWA A KAN FALWAYA

A Amurka abin ya fi muni, domin can kasuwar ta fi zafi. A watan Satumba na 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a birnin Niyok. Kafin shekara bakwai sararin titunan birnin ya cika da wayoyi kamar saƙar gizo: na tangaraho, na tarho, na fitilun titi masu ƙarfin gaske, kamfani kaza da kamfani kaza, wasu ma kamfanonin sun mutu sun bar wayoyinsu a rataye. Ranar 11 ga Oktoba 1889, da tsakar rana, wani ma'aikacin kamfanin Western Union mai suna John Feeks ya hau falwaya yana aiki a kan wayar da ya ɗauka ba ta da haɗari. Ashe a can wani wuri ta haɗu da waya mai ƙarfi. Ya mutu, gawarsa ta maƙale cikin wayoyin tana ƙonewa, dubban mutane na kallo daga ƙasa. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa hukumar birnin ta sa aka riƙa sare wayoyin, aka tilasta wa kamfanoni su mayar da su ƙarƙashin ƙasa.

Su kansu ma'aikatan sun gane cewa jahilcin abokin aiki ke kashe su. Kamfani na iya ɗauko mutum daga titi yau, gobe ya ɗora shi a kan falwaya kusa da kai. A ƙarshen Nuwamba 1891 wakilai goma, masu magana da yawun ma'aikata 286, suka taru a birnin Sen Luwis suka kafa ƙungiyar ma'aikatan lantarki, wadda yau ake kira IBEW. Shugabanta na farko, Henry Miller, ma'aikacin falwaya ne da ya riƙa yawo gari-gari da kayan aikinsa yana haɗa kan 'yan uwansa. Daga cikin abin da ƙungiyar ta nace a kai tun farko har da tsarin koyon sana'a, don kada a ƙara tura wanda bai san komai ba kan waya. Shi kansa Miller bai tsira ba. A watan Yuli 1896, yana aiki a Washintan, wuta ta ja shi ya faɗo daga falwaya ya mutu.

A ɗaya gefen masu inshora na nasu lissafin. A baje kolin duniya da aka yi a Cikago a 1893, an ƙawata wurin da fitilu dubbai, kuma tsoron gobara ya sa aka ɗauko wani matashin injiniya, William Henry Merrill, ya duba wayoyin. Abin da ya gani ya sa a 1894 ya buɗe ɗakin gwajin kayan lantarki da tallafin masu inshora. Shi ne ya zama UL, tambarin da har yau za ka gani a jikin wasu caja da kayan wuta. Zuwa 1895 akwai littafin ƙa'ida har biyar a Amurka, suna cin karo da juna, aikin da ya halatta a wannan gari ya haramta a wancan. Aka zauna a 1896, aka fitar da kundi ɗaya na ƙasa a 1897.

KUNDI BA YA ƊAURE WAYA

Rubuta ƙa'ida abu ne mai sauƙi. Wa zai tabbatar mai aikin ya san ta, kuma ya bi ta? Daga nan maganar koyo da lasisi ta taso.

Koyon sana'a a hannun maigida ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. A Ingila tun 1563 akwai dokar da ta ce ba mai buɗe sana'a sai ya yi shekara bakwai yana koyo, kuma ba a soke wannan sharaɗi ba sai a 1814. Abin da Amurkawa suka yi shi ne suka ɗauki tsohon tsarin suka sa masa rajista da awo. Jihar Wiskonsin ce ta fara a 1911: yarjejeniyar ɗan koyo da maigidansa ta zama rubutacciya, gwamnati na da kwafi, kuma dole a bar yaron ya riƙa zuwa aji. A 1937 majalisar tarayya ta yi dokar koyon sana'a ta ƙasa baki ɗaya. A 1941 ƙungiyar ma'aikata da ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki, waɗanda kullum suna rigima kan albashi, suka yarda su kafa kwamiti ɗaya na horar da 'yan koyo, domin a wannan kam buƙatarsu ɗaya ce.

Abin da ya fito daga nan shi ne matakala mai hawa uku. Ɗan koyo yana yin shekara huɗu zuwa biyar, kimanin awa 8,000 na aiki a ƙarƙashin idon ƙwararre, da aƙalla awa 144 na aji a kowace shekara, kuma ana biyansa albashi da ke ƙaruwa yayin da hannunsa ke faɗawa. In ya gama ya ci jarrabawa, ya zama gwani mai aiki da kansa. In ya ƙara shekaru ya ci wata jarrabawar, ya zama babban gwani, wanda ke iya tsara aiki ya sa hannu ya ɗauki alhakinsa.

A ɗauki jihar Teksas. Sai a 2003 ta yi dokar lasisi ta jiha baki ɗaya, kafin nan kowane birni da nasa. Yau mai son lasisin gwani sai ya kawo shaidar awa 8,000, mai son na babban gwani awa 12,000 tare da shekara biyu yana riƙe da lasisin gwani. Shi kuwa ɗan kwangila, wato mai kamfanin da ke karɓar aiki daga hannun jama'a, nasa lasisin daban ne: dole ya zama babban gwani ko ya ɗauki babban gwani aiki, kuma dole ya riƙe inshorar da za ta biya idan aikinsa ya jawo ɓarna. A lura da hikimar raba biyun. Lasisin ma'aikaci yana amsa tambayar "ya iya?", na ɗan kwangila kuma yana amsa tambayar "in abu ya lalace, wa za a kama, kuma da me zai biya?" Tambaya ta biyun ita ce maigidan ƙanwata ya rasa amsarta.

Ba ko'ina aka bi hanya ɗaya ba. Jihar Niyok har yau ba ta da lasisin jiha, birane ke bayarwa. Ingila kuwa, duk da ita ta fara rubuta ƙa'ida, ba ta da dokar da ta hana mutum kiran kansa mai gyaran wuta. Ta dogara da ƙungiyoyin tantancewa, irin wadda aka kafa a 1956 mai suna NICEIC, sai a 2005 ta shigar da wayarin gidaje cikin dokar gine-gine, ta ce manyan ayyuka sai an sanar da hukuma ko kuma mai rajista ya yi su ya ba da takarda.

ME YA SA GWANI ZAI KOMA AJI?

Wannan hawa na uku shi ne ya fi ba mutanenmu mamaki. Mutum ya yi shekara ashirin yana aiki, me kuma za a koya masa?

Amsar tana cikin tarihin kayan aikin. Tsakanin 1965 da 1973 jan ƙarfe ya yi tsada a Amurka, aka koma ja wa gidaje wayar alminiyam. Masu aikin ƙwararru ne, sun ɗaure ta yadda suka saba ɗaure jan ƙarfe. Amma alminiyam yana buɗewa ya tsuke da zafi fiye da jan ƙarfe, kuma yana yin tsatsar da ba ta wuce wuta sosai. Bayan shekaru mahaɗan suka saki, suka riƙa zafi a cikin bango, gidaje suka riƙa kamawa. Ƙwarewar jiya ba ta san halin kayan yau ba.

Ga misali na biyu, wanda ya shafi yaron ƙanwata. Fis da bireka na gargajiya aikinsu su kare waya daga ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. Ba sa kare mutum, domin wutar da za ta tsayar da zuciya ba ta kai ko kusa da abin da zai ƙona fis ba. A 1961 wani malamin jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Charles Dalziel, wanda ya daɗe yana nazarin yadda wuta ke yi wa jikin ɗan Adam, ya ƙera na'urar da ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓi kaɗan ta yanke cikin ƙiftawar ido. Kundin Amurka ya fara wajabta ta ga fitilun cikin wurin ninƙaya a 1968, ya kai ta soket ɗin waje a 1971, banɗaki a 1975, kicin a 1987. Wanda ya karɓi lasisi a 1960 bai taɓa jin sunanta a aji ba. A Birtaniya ma bugu na 17, na 2008, ya faɗaɗa wajabcin irin wannan na'ura mai yankewa a miliam 30 zuwa kusan duk soket ɗin gida. Can kuma aka sauya launin wayoyi tsakanin 2004 da 2006, ja ta koma ruwan ƙasa, baƙa ta koma shuɗiya. Mai aikin da bai ji wannan labari ba, ya tarar da tsohon wayarin da sabo a akwati ɗaya, ransa yana hannun Allah.

Shi ya sa ake sabunta kundin Amurka duk shekara uku, jihohi da yawa kuma suka ɗaura sabunta lasisi da komawa aji. A Teksas awa huɗu ce duk shekara. A Kalifoniya awa 32 duk shekara uku. In ba ka kawo shaidar karatun ba, lasisinka ya mutu, ko da kai ne ka koya wa mai jarrabawar aiki.

TO MU FA?

Ana ƙirga tarihin lantarki a Najeriya daga 1896, lokacin da aka kafa injina biyu a Legas masu ƙarfin kilowat 60 gaba ɗaya. Shekaru da dama Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka ce ke riƙe da wutar yawancin garuruwa, a Kano da Katsina kuma En'e ce. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a ƙasar Jos saboda masu haƙar kuza. Dokar 1950 ta kafa ECN, aka gama madatsar Kainji a 1968, aka haɗe ECN da hukumar madatsun ruwa a 1972 aka sami NEPA, ta koma PHCN bayan dokar 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamba 2013.

A zamanin farko masu wayarin kaɗan ne, kuma kusan dukkansu ta ƙofa ɗaya suka shigo: ma'aikatar ayyuka, hukumar jirgin ƙasa, kamfanin wuta, ko cibiyoyin koyon sana'a da aka buɗe bayan Yaƙin Duniya na Biyu a wurare irin su Yaba, Inugu da Kaduna. Sukan zauna jarrabawar City and Guilds ta Landan, ko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki na uku, na biyu da na ɗaya. Makarantar fasaha ta Kaduna da aka buɗe a 1956 ita ce ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Sai ITF a 1971, NBTE a 1977, NABTEB a 1992. Dokar Ƙwadago ma ta tanadi yadda yarjejeniyar koyon sana'a za ta kasance: a rubuce, da sa hannun jami'in ƙwadago, kuma ta yaro kada ta wuce shekara biyar.

Lasisi ma ba baƙo ba ne. Sashen sufetocin lantarki na ma'aikatar wuta ta tarayya ya daɗe yana bayarwa, kuma masu riƙe da shi suna da ƙungiyarsu, LECAN. A 2015 aka yi dokar da ta kafa NEMSA, aka ɗora mata gwada wayarin da tantance masu yin sa, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ci gaba da riƙe ta. A takarda, bai kamata a jona wa sabon gini wuta ba sai an gwada wayarinsa.

Ke nan ba doka muka rasa ba. Abin da ya faru shi ne garuruwa sun yi girman da ƙofar nan ɗaya ba za ta ɗauke su ba. Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya kawo gine-gine, unguwanni suka tsiro ba tsari, kowa na son wuta yau-yau. Kwalejojin fasaha suka koma wurin da ake tura yaron da bai samu gurbi a wani wuri ba. Sai koyo a shago ya cike giɓin: uba ya kai ɗansa wurin maigida, yaro ya fara da riƙe tsani da fasa bango, ya kai ga zura waya a bututu, bayan 'yan shekaru a yaye shi. Wannan tsari ya ciyar da gidaje da yawa, kuma ya fitar da gwanaye na gaske. Rauninsa shi ne yaro ba ya wuce sanin maigidansa. In maigida bai taɓa lissafin kaurin waya da nauyin da za ta ɗauka ba, yaransa goma ba za su yi ba, su ma kowanne zai yaye goma. Haka za ka tarar an ja wa na'urar sanyaya ɗaki ko hita siririyar wayar da ta dace da ƙwan fitila, ko an maye gurbin fis da dunƙulen waya don kada ya ƙara "damun" mai gida.

Abin lura shi ne al'adarmu ta san tantance gwani tun kafin Bature. Akwai Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. A Zazzau sarautar Babban Gwani ta samo asali ne daga maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Waɗannan su ne suka san wa ya iya, wa bai iya ba, kuma wurinsu ake kai ƙara. Lantarki ya zo daga baya, bai tarar da gidan gado ba, ya faɗa tsakanin hukumar da ke nesa da al'adar da ba ta san shi ba.

Yanzu kuma ga sola ta shigo, da inbata da batir masu ƙarfi, ga janareta da abin sauya layi a kusan kowane gida. Wutar da ke saukowa daga faifan sola wata iri ce daban da ta layi, tartsatsinta in ya kama ba ya saurin mutuwa, kuma makunnin da aka yi don waccan bai dace da ita ba. Da yawa daga masu ɗora faifan a rufin gidajenmu a bidiyon waya suka koya. Irin wannan yanayi ne ya sa wasu ƙasashe suka ce gwani ma ya koma aji.

LASISI MA YANA DA NASA CIWO

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka takarda ce maganin komai. Lasisi katanga ce, kuma wanda ke ciki yakan so a ƙara mata tsawo. A Amurka ƙungiyoyin masu sana'ar gini sun shafe shekaru suna amfani da ƙofar koyo wajen hana baƙaƙen fata shiga. Wani rahoton fadar shugaban ƙasar na 2015 ya nuna cewa a farkon shekarun 1950 ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na ma'aikata ke buƙatar lasisi, a lokacin rahoton kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ya yi gargaɗin cewa abin na ƙara tsadar aiki yana toshe wa talaka hanya. A wurinmu haɗarin a fili yake: in aka ce jarrabawa sai da dogon Turanci, sai an je babban birni, sai an biya kuɗi mai yawa, to dattijon da ya gano matsalar gidan ƙanwata zai iya faɗuwa, wani mai kuɗin sayen takarda ya ci. Daga nan lasisi ya zama sabuwar hanyar tatsar masu sana'a.

Akwai abin koyi kusa da mu. Gana ta yi dokar wayarin a 2011, ta ba Hukumar Makamashi ikon jarraba masu aikin, da rubutu da kuma gwajin hannu, ta raba su aji-aji: na gidaje, na wuraren kasuwanci, na masana'antu. Ta kuma ɗaura abin da mita, wato kamfanin wuta ba zai jona maka ba sai da takardar mai shaida. A nan gida NBTE ta fito da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa, wanda ke ba da damar a auna abin da mutum ya koya a shago a ba shi shaida ba tare da ya koma farko ba, kuma an fara gwada hakan da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta dace da mu: a tarar da mai sana'a a inda yake, a gwada hannunsa, a cike masa abin da ya rasa da harshen da yake ji, a ba shi takarda mai wa'adi.

Kafin hukuma ta iso, mai gini yana da abin yi. Tambayi mai wayarinka wa ya koya masa, shekara nawa, kuma wace shaida yake da ita. Ka karɓi cikakken sunansa da inda shagonsa yake. Ka ce ya nuna maka sandar atin kafin a binne ta. Ka tambaye shi kaurin wayar da zai ja wa soket, da ta fitila, da ta hita, in ya ce duk ɗaya ne ka nemi wani. Ka sa a saka maka na'urar yanke wuta mai miliam 30, kuɗinta bai kai na tayil ɗin ɗaki ɗaya ba. Kuma ka kira wani daban ya gwada aikin kafin a yi filasta. Araha ba ta ado, balle a abin da 'ya'yanka za su kwana a cikinsa.

Gidan ƙanwata sai da aka sake fasa bango a wurare da dama, kuɗin gyaran ya kusa kai na aikin farko.

Na san a cikinmu akwai masu wannan sana'a, wasu sun fito daga kwaleji, wasu daga shago. Ina son jin ta bakinku: shekara nawa kuka yi kafin a yaye ku, wa ya gwada ku, kuma yaushe rabonku da zama a koya muku sabon abu? Masu gidaje kuma, wa ya taɓa tambayar mai wayarinsa takarda, kuma me ya ce?

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da haɗari. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.